Wai 'yan Mormon tun asali ba sa shan giya?

Malam Habu: Jama'a, jiya na ce mabiya cocin Mormon na Amurka tun kafuwarsu a 1830 ko ɗigon giya ba sa taɓawa, Bala ya ƙaryata ni. To ga fili ga mai doki.

Bala: Haba Malam, ni wa da ƙaryata ka? Cewa na yi da sauran rina a kaba. Dokar da suke kira Kalmar Hikima, mai gargaɗi kan giya, taba da abin sha mai zafi, sai ranar 27 ga Fabrairun 1833 Joseph Smith, wanda ya kafa cocin, ya zo da ita a garin Kirtland na jihar Ohio, kuma a farkonta an rubuta cewa ba umarni ba ce, babu tilas a ciki. Har ta yarje musu giyar inabi ta ibada, in dai su suka haɗa ta da hannunsu.

Anti Larai: Ni asalin dokar ma ke ba ni dariya. Brigham Young, magajin Joseph Smith, shi ya ba da labarin: maza na taruwa karatun addini a ɗakin bene na shagon Newel Whitney, kowa da lofe a baki, wasu na tauna taba suna tsartar da yawu a ƙasa. Emma, matar Joseph, ita ke gogewa, har ta gaji ta yi ƙorafi. Duk wadda ta taɓa share zauren da aka yini ana cin goro ta san zafin abin.

Malam Habu: Na ji. Amma a 1834 majalisar dattawansu ta Kirtland ta yanke cewa wanda aka karantar da shi dokar ya ƙi bi bai cancanci riƙe muƙami ba. Shawara ce ke tsige mutum?

Bala: A takarda kenan, Malam. Ranar da aka kashe Joseph Smith a kurkukun Carthage, 27 ga Yunin 1844, sun aika an sayo musu giyar inabi sun sha. John Taylor, ɗaya daga manyan cocin, yana ɗakin, shi ya faɗa, ya ce ba don ibada ba ne, zukatansu ne suka yi nauyi. Kuma bayan ƙaurarsu zuwa Utah, shugabanninsu da kansu suka ƙarfafa noman inabi da matsarsa a kudancin yankin, wajen Toquerville.

Sadiya: Yaya Bala, kenan kamar yadda haramcin giya ya sauka daki-daki a Musulunci?

Bala: Ban kai can ba, ƙanwata. Namu cikin rayuwar Annabi (SAW) aka kammala. Nasu lafazin bai canja ba, matsawar shugabanni ce ta ƙaru. Sai 1921 shugaban cocin na lokacin, Heber J. Grant, ya mai da kiyaye dokar sharaɗin shiga haikalinsu, kusan shekara 90 bayan zuwanta.

Anti Larai: Shi ma Grant ɗin bai sha da daɗi ba. A Disambar 1933 Utah ce jiha ta 36 da ta cika adadin da aka soke haramcin giya a Amurka, yana ji yana gani.

Malam Habu: To na janye "ko ɗigo". Amma ban yarda wasa suka ɗauki dokar ba.

Sadiya: Ni jin cewa dokar ta hana shan shayi ne ya tsaya min a rai. Da gaske har shi?

Bala: Rubutun cewa ya yi abin sha mai zafi. Hyrum, yayan Joseph, shi ya fassara a 1842 cewa shayi da kofi ake nufi.

Malam Habu: Shayi kuma? A'a, wannan kam da ni ne tun da asuba za a tsige ni.