Muhawara: Me ke kai mutum aikin kula da masu taɓin hankali?

Baban Amir: Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya. Zan faɗi abin da ke raina, kowa ya yi haƙuri. Yawancin masu shiga fannin ƙwaƙwalwa ba sha'awa ce ta kai su ba. Ko dai sun nemi ungozoma ko ɗakin tiyata ba su samu ba, ko kuma hanyar fita Ingila suke nema, tunda can ana neman masu wannan takarda ruwa a jallo.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Baban Amir, ka yi mana kuɗin goro. Ni ungozoma ce tun farko, ba abin da na nema na rasa. A ɗakin haihuwa na ga abin da ya juya ni. Mace ta haihu lafiya, kafin ranar suna ta daina barci, ta ƙi shayar da jaririn, tana rantsuwa ba nata ba ne. Dangi suka ce iska ce, za su kai ta gida a yi mata hayaƙi. Da ƙyar muka shawo kan mijin ya kai ta asibitin ƙwaƙwalwa. Bayan wasu makonni sai ga ta ta zo rigakafi da ɗanta a goye, ta durƙusa tana gaishe ni. Ranar na gane cuta ce mai magani, na koma karatu.

Baban Amir: Hajiya, ke ɗaya ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Da sha'awa na jan mutane, da ba a haka muke ba.

Ɗan Borno: Yaya, wannan adadin ai yana nuna yadda ake gudun fannin ne, bai faɗi dalilin waɗanda suka shiga ba. Mu a Maiduguri aikin ne ya zo ya same mu. Daga 2014 da garuruwa suka watse aka cika sansanonin 'yan gudun hijira, uwa za ta kawo yaro wai ciwon ciki, ka duba ba ka ga komai ba, sai a buga ƙofa da ƙarfi ka ga ya shige ƙarƙashin benci yana karkarwa. Wane maganin tsutsar ciki za ka rubuta masa? Da yawanmu a nan muka fara koyon tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka yi don ma'aikacin da ba ƙwararre ba ya iya gane damuwa mai tsanani da farfaɗiya da firgicin da ke bin tashin hankali, ya san wanda zai kula da shi da wanda zai tura gaba.

Maman Ihsan: Ni fa ina ganin Baban Amir yana da rabin gaskiya. Tura ni aka yi, ban nema ba, har kuka na yi. Surukata ta ce mai zama da su ƙarshe shi ma taɓuwa yake. An mare ni a bakin aiki, an yaga min riga. Amma da aka zo mayar da ni ɗakin yara, ni na ce a bar ni a ɓangaren ƙwaƙwalwa. A nan ne kawai nake zama da majinyaci mu yi hira ta minti talatin kuma a kira shi aiki.

Ƙaramar Nas: Yayyena ku ba ni dama. Ni saboda yayana na shiga, kuma ba na ɓoyewa. Kodin da tiramadol suka fara taɓa shi, aka kai shi gidan mari. Har yau sawun sarƙa na nan a idon sawunsa, shi ya sa ba ya cire safa ko da zafi. Lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutane mamaki suke, mu a gidanmu kuka muka yi don mun san abin. Yanzu yayan nawa yana karɓar allurarsa duk wata, yana ɗinki a kasuwa. Ana cewa "ai a jininsu yake, shi ya sa ta zaɓi aikin." Wanda mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa ya zama likitan mata, yabonsa ake yi. Me ya sa nawa dalilin ya zama abin gori?

Baban Amir: Allah ya ƙara masa lafiya ƙanwata, ban yi nufin gori ba. Amma maganar masu fita waje tana nan.

Malam Tsoho: Tana nan, ɗalibaina da yawa sun tafi, kuma ba na ganin laifinsu in na dubi albashi. Sai dai masu tiyata ma suna tafiya, ba wanda ya ce ba su son aikinsu. Ku tuna Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa. A Ingila ya yi karatu, ya dawo asibitin Aro da ke Abeokuta, a 1954 ya fara sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Irin wannan mutum ba rasa wuri ya yi ba. Kuma masu wannan fanni ne suka yi ta faɗi-tashi har Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958.

Baban Amir: Malam, wato mu ma mu zauna da masu gidajen mari ke nan, bayan abin da yarinyar nan ta faɗa?

Ƙaramar Nas: Ni zan zauna da su, Yaya. Mutumin ƙauye kafin ya isa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, wurinsu yake fara zuwa. Su yi addu'arsu, mu ba da magani, amma sai an cire sarƙa tukuna.