Ina so in ajiye aikin banki in sayi gidan burodi a Dakata, ku ba ni shawara

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa sayen sana'ar da ya tarar tana tafiya.

Shekarata 11 ina aiki a wani banki nan Kano, ba sai na kama suna ba, kuma wallahi na gaji, in fita bakwai na safe in dawo bayan isha'i yara duk sun yi barci, kullum maganar taget, kawo sabbin akawun kawo masu ajiya, duk wani mai kuɗi da na sani na bi shi har wasu sun daina ɗaga wayata, ga maganar kuɗin ruwa da ta daɗe tana ci mini rai. Albashin da a da nake ganin yana da auki, tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai dai a lallaɓa a ga ƙarshen wata.

To akwai wani gidan burodi a Dakata, mai shi ya rasu bara, 'ya'yan babu mai sha'awar harkar, so suke su sayar a raba gado. Dillali ya kai ni na gani, obin na itace babba guda ɗaya, injin kwaɓi, gwangwanaye, janareta, da babur mai ƙafa uku guda 2 na kai kaya. Ma'aikata 14. Sun ce buhu 10 na fulawa suke kwaɓawa a rana. Sun sa miliyan 28, amma ginin haya ne. In na haɗa ajiyata na sayar da filina na hanyar Gwarzo zan iya biya, sai dai ba abin da zai rage. Hajiyarmu ta ce in yi istihara, na yi, uwargida kuma ta yi shiru, shirun nan da kun sani. Me zan duba kafin in miƙa takardar ajiye aiki?

Ɗan_Singa:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Ni fulawa da sukari da bota nake sayarwa a kasuwar Singa, masu gidan burodi su ne abokan cinikina, bari in gaya maka abin da dillali ba zai gaya maka ba tunda shi la'adarsa yake hange.

Kalmar da ta fi tayar mini da hankali a rubutunka ita ce "ba abin da zai rage". Ɗan uwa da me za ka sayi fulawa? Yawancin gidajen burodin garin nan a kan bashi suke tafiya, a ɗauki kaya yau a biya bayan kwana uku ko sati, kuma wannan bashin fuskar marigayi aka ba, mutum ne da aka yi shekaru ana hulɗa da shi an san gidansu an san masallacin da yake sallah. Kai in ka zo gobe da takalmi sau ciki da turancinka na banki wallahi ko buhu ɗaya ba mai ba ka sai kuɗi hannu, ni kaina ba zan ba ka ba sai mun yi wata shida muna ganin juna, kar ka ji haushi. Ka je ka tambayi kuɗin buhu yau ka ninka sau 10 sau kwana 7, ka ƙara sukari, yis, bota, leda, itace, man janareta da na babura, sallamar yara, shi ne kuɗin da dole ya kasance a hannunka bayan ka biya miliyan 28 ɗin.

Sannan maganar buhu 10, kar ka tambayi 'ya'yan, ka nemo wanda yake ba su fulawa, shi ne littafin gaskiya. Buhu nawa suke ɗauka a sati yanzu, nawa suke ɗauka lokacin da mutumin yana raye, nawa yake bin su. Gidan da mai shi ya shekara da rasuwa da wuya a ce bai ja baya ba.

Wani abu kuma da ku 'yan ofis ba kwa ganewa, kwastomomin nan ba na gidan ba ne, na yaran da suke kai burodin ne. Mai shayi a Yankaba ko Brigade bai san mai gidan burodi ba, yaron da yake kawo masa kaya da asuba ya sani, ya karɓi na yau ya biya na jiya, wanda ya kwana a mayar. Ranar da yaron ya ji ba ka yi masa ba ya koma wani gidan, to da masu shayinsa zai tafi kaf. Haka shi ma mai kwaɓi, hannunsa ne ɗanɗanon da aka saba da shi. In mai kwaɓin da yaran kai burodin nan ba sa tare da kai, ƙarafa ka saya da tsada, su kuwa ko a Sabon Gari sai ka haɗa su.

Abu_Sumayya:

Gaskiya ni dai kar ka ajiye aikinka a wannan marrar, mutum nawa ne suke yawo da takardu suna neman rabin abin da kake samu. Ka saya in kana so ka ɗora ƙaninka ko wani amintacce a kai, kai kana leƙawa Asabar da Lahadi.

Ɗan_Singa:

Malam Abu Sumayya wannan shawarar ta kashe gidajen burodi da yawa a gabana. Sana'ar da ake farawa ƙarfe 2 na dare, a auna fulawa a auna sukari ba idonka, a kawo maka lissafi ran Asabar? Ko ya shiga da ƙafarsa ko ya haƙura.

Lauya_Bompai:

Ni ɓangaren takardu zan taɓa, don da na ga kalmar gado sai da na gyara zama.

Su waye suka ce za su sayar? Dukkan magada ne ko babban wa ne kawai da dillalinsa? Matan marigayi suna da kaso, 'ya'ya mata suna da kaso, in akwai ƙanana sai da waliyyinsu, kuma a shari'a sai an biya bashin mamaci an fitar da wasiyya kafin a zo kan rabo. Ka nemi a yi cinikin da sanin kotun shari'ar da take rabon gadon, a ba ka takarda, kowane magaji ya sa hannu, kuɗin kuma ta banki ba a jaka ba. Mai unguwa ya zama shaida yana da kyau amma bai isa ba. Sau da yawa sai mutum ya gyara wuri ciniki ya fara kyau sannan wata 'yar uwa da ke aure a wani gari ta bayyana ta ce ita ba ta sayar ba.

Ka duba a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, rajistar sunan kasuwanci ce kawai ko kamfani ne mai Ltd. In kamfani ne ka sayi hannun jarinsa to har basussukansa ka gada, na haraji da na kowa. Shi ya sa na fi son mutum ya yi rajistar nasa ya sayi kayan aiki da sunan burodin, a rubuta ƙarara duk bashin da aka ci kafin ranar ciniki na magada ne. Lambar NAFDAC da ke jikin ledar ka tabbatar ta gaske ce kuma ba ta ƙare ba, shekara 5 take yi a sabunta, kuma ka je ofishinsu ka ji yadda za a mayar da ita sunanka. Ka tambayi mai kwaɓi ido da ido ko suna zuba buromet, sinadarin da ke sa burodi ya kumbura, an haramta shi, in aka kama kai za a rufe wa gida.

Ginin haya kuwa shi ne babban ramin. Obin na itace gina shi ake yi, ba ka ɗauka ka tafi da shi. Ka zauna da mai ginin kafin ka biya ko sisi, ya ba ka yarjejeniya a rubuce ta shekaru, in ba haka ba yana ganin sabon mutum daga banki zai ninka haya. Ka karɓi lambar mita ka je kamfanin wuta na KEDCO ka ji ko akwai tsohon bashi, ka kuma ji layin ko Band A ne, wato rukunin da suka fi samun wuta, don tun Afrilun 2024 da aka kai su naira 225 kan yunit ɗaya lissafin masu injina ya canza.

Kuɗin fanshonka kar ka sa shi a lissafin farko. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri kashi 25 cikin ɗari, amma sai ya yi wata 4 ba aiki tukuna.

Maman_Walid:

Yaya Baban Ilham bari in yi magana a madadin uwargida tunda ta yi shiru. Maigidana kamfanin waya ya bari ya sayi gidan ruwan leda, yau shekara 4, Alhamdulillah yanzu ya tsaya da ƙafarsa kuma ba ya fatan komawa, amma shekarar farko ba na son tunawa. Abin da ba mu lissafa ba katin asibitin da kamfani yake biya, wata biyu da barin aiki yaro ya kwanta muka ga yadda kuɗi suke fita, ga kuɗin makaranta ya zo daidai lokacin da injin ya lalace, ga dangi sun ji an ce ya zama mai kamfani kowa da buƙatarsa. Sai da na sayar da sarƙata. Ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin gaba ɗaya, ka ware kuɗin cefane da na makaranta na wata 6 ka ba ta ta riƙe inda hannunka ba zai kai ba, ka yanka wa kanka albashi, kar aljihunka da na gidan burodi su zama ɗaya. Kuma ka ɗauki hutunka na shekara ka je ka kwana a wurin kana ƙirga buhu da idonka, gani ya kori ji. Wanda ya saba da AC ya fara jin zafin obin a watan azumi kafin ya rubuta takarda.

Baban_Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi maganarku, daren Juma'a na je ƙarfe 2 ba tare da na gaya wa dillali ba, na zauna har aka gama lodi. Buhu 6 aka kwaɓa. Mai kwaɓin dattijo ne mai kirki, ya ce mini 10 ɗin lokacin Alhaji ne, kuma ɗaya daga cikin masu kai kayan ya riga ya koma wani gida da layin Yankaba gaba ɗaya, babur ɗinsa ne ma aka nuna mini a ajiye. Barista, na tambayi babban ɗan maganar kotu ya ce wai ba sai an je ba su sun daidaita a gida, na ce to ni sai an je. Takardar ajiye aiki tana nan a kwamfuta ban fitar ba, na dai cike fom na hutun sati 3 daga farkon wata. Alhaji Ɗan Singa na samo sunan wanda yake ba su fulawa, a layinku yake, in na shigo ran Asabar bayan azahar za ka iya raka ni wurinsa? Ni kaɗai na san ba zai buɗe mini littafi ba.

Ɗan_Singa:

Ka zo bayan la'asar, azahar muna sauke kaya. Kuma dan Allah ka sa kaftani.