Tambaya a kan iyakar fansar Almasihu

Iyayenmu fastoci da 'yan'uwa cikin Ubangiji, ina gaishe ku daga Maradi. Ni ne nake jagorantar binciken Littafi Mai Tsarki na matasa a ikilisiyarmu, kuma mako uku ke nan muka cije a kan tambaya guda: Almasihu ya mutu domin dukan mutane ne, ko kuwa domin zaɓaɓɓu kaɗai?

Wani ɗan'uwa ya kafe a kan Yahaya 10:15, inda Makiyayi yake ba da ransa domin tumaki, ya ce in har an biya bashin zunubin kowa da kowa a kan gicciye, to Allah mai adalci ba zai sake neman wannan bashi a ranar shari'a ba. Hujjar nan ta ɗaure mini kai ƙwarai. Amma 1 Yahaya 2:2 ta nuna hadayarsa ta shafi zunuban dukan duniya, 1 Timoti 2:6 kuma ta kira shi fansa domin kowa.

Na karanta cewa taron shugabannin ikilisiya na Dort na 1618 zuwa 1619 a ƙasar Holan, wanda ya ƙi koyarwar mabiyan Arminiyus (malamin tauhidi) masu cewa Almasihu ya mutu domin kowa, ya ce mutuwar Almasihu ta isa ta fanshi duniya duka, amma zaɓaɓɓu kaɗai take ceta. A ganina wannan bai kashe gardamar ba.

Inda na fi maƙalewa shi ne wajen shelar bishara. Shin ina da hurumin in ce wa duk wanda na tarar, "Yesu ya mutu dominka"? Ina roƙonku ku bayyana mini yadda kuke fahimtar kalmar "duniya" a wasiƙar Yahaya kafin haɗuwarmu ta ranar Laraba.