Taurari ba sa jefa ƙwallo a raga

Masu buga College Hoops 2K8, wasan kwamfuta na ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka da ya fito a 2007, sun tattauna yadda makin ɗan wasa, wato lambobin da ke nuna ƙwarewarsa, ke shafar ɗaukarsa cikin ƙungiyar jami'ar da kake horarwa a wasan. Ga abin da na tsinta.

Kusan duk sun yarda cewa jimillar maki na yaudarar mutum. Yaro mai tauraro 5, wato matakin ƙoli na darajar da ake ba sababbin 'yan wasa, zai iya zuwa da maki mai yawa saboda tsalle da gudu, alhali hannunsa bai iya jifa daga nesa ba. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa a fara duba gurbin da ƙungiya ke da rauni, sannan a kalli makin da ya shafi wannan gurbin kaɗai: tsawo da kwaso ƙwallo ga na ƙarƙashin raga, miƙa ƙwallo da riƙe ta ga mai tsara wasa.

Inda aka fi daɗewa ana ja-in-ja shi ne makin haɓaka, wato hasashen yadda yaro zai ƙara ƙwarewa nan gaba. Wasu sun fi son mai tauraro 3 da zai yi shekara 4 yana gogewa, domin gwanin gwanaye yakan tafi NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da wuri ya bar ka da gurbi a buɗe. Ni ma nan na karkata, musamman ga mai horar da ƙaramar makaranta.

Sai batun kwaɗayi. Kada ka ƙarar da lokacinka kan yaron da manyan jami'o'i irin su Duke ke zawarci. Nemi na kusa da gida, wanda ka san zai samu lokacin wasa a wurinka.