Zuma ko sukari a alkaki da kek na gara?

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum. Ni ce zan haɗa garar ƙanwata, kuma Hajiyarmu ta dage cewa da zuma za a yi alkaki da kek. Don Allah wadda ta taɓa gasa kek da zuma ta gaya mini awonta, da kuma ko zai jure damshin Legas.

Wani malami, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Hajiya tana kan gaskiya, domin aya ta 69 a Suratun Nahli ta ce akwai waraka ga mutane a cikin zuma. Mutanen Masar na dā da ita suke zaƙaƙa gurasarsu, kuma a wani kogo a Sifen akwai zanen mai ɗiban zuma da ya kai kimanin shekara 8,000.

Mai gasa kek, Obalende: 'Yar'uwa, inda za ki sa kofi ɗaya na sukari ki sa zuma kashi uku cikin huɗu na kofin, ki rage madara, ki ƙara 'yar bakar soda. Ki sassauta wutar oben, saboda zuma tana saurin ƙona saman kek alhali cikinsa bai nuna ba.

Wata uwa, Mushin: Ni dai ba na ba kowa shawarar zuma a garin nan. Lokacin auren 'yata na sayi lita biyar kan naira 40,000 a hannun wani mai talla da ya rantse mini daga Mambila ya kawo ta, har da guntun saƙa a bakin jarkar. Ashe narkakken sukari ne aka ƙona har ya yi ja. Alkakin ya yi ɓawon fari ya ƙandare, dangin ango suka riƙa ƙwanƙwasa shi a faranti a gaban ƙannena, kuma har gobe maganar tana ci mini rai.

Ɗan kasuwa, Mile 12: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, amma farashin kaɗai ya isa ya nuna miki, domin ni ban taɓa sayar da lita ƙasa da 15,000 ba.

Mai gasa kek: Alhaji, 9,000 nake saye daga Taraba, kuma ban taɓa samun algus ba.

Uwar Mushin: Ke kek kika sani, alkaki kuwa sai wadda ta tashi ta ga kakarta tana tsoma shi.

Wani matashi: A aiko mini da kowanne in ɗanɗana, hukuncina kyauta ne.

Ɗan kasuwa: Abin da ke tsadar da zuma kuɗin mota ne. Jarka ɗaya daga Arewa sai an biya direba, an biya 'yan dako, sannan ta iso bakinta a kwance an rage ta. Wa zan kama?

Uwar Mushin: Haka aka yi mini da buhun alkama bara, ya iso da huda a gindinsa.