Ayon ɗin (wato "iron" a Turance) da ake ce wa 'yammata su ci, me za mu kira shi da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman shawara kan kalma ɗaya. 'Yar yayata mai shekara 15 ta fara yawan jiri da kasala tun da ta soma al'ada. Idan ka ja fatar idonta ƙasa, cikin fari fat. Aka auna jininta a asibiti aka samu 11.3, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 12 ƙarancin jini ne ga yarinya irinta. Malamar asibiti ta ce bai yi tsanani ba, a dage da abinci mai ayon.

2/ Da muka dawo gida na ce wa Inna sinadarin ƙarfe ne ya yi mata ƙaranci. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ƙusa za mu jiƙa mata?" Nan na gane kalmar ba ta isar da saƙo.

3/ Wasu na cewa "sinadarin ƙarin jini". Ban gamsu ba. Da an ji ƙarin jini sai a ruga a sayo lemon malt a haɗa da madara, ko a dafa zoɓo saboda jansa. Madara kuwa ba ta da ayon na a zo a gani, tana ma rage shigarsa jiki. Kuma akwai wasu sinadaran da ke gina jini bayan shi.

4/ Ni "ƙarfen jini" nake so. Gaskiya ce tsagwaronta, domin ƙarfen da ke jikin fartanya shi ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke riƙe iskar da muka shaƙa ya kai ta gaɓoɓi. Ko an ji shi kamar "ƙarfin jini" ba a yi nisa ba.

5/ Na gwada da Inna: hanta, nama da kifi sun fi ba da ƙarfen jini, wake, zogale da alayyafo na da shi, amma sai an haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba jiki ke karɓa sosai, shayi kuma yana tare masa hanya, a bari sai bayan awa ɗaya da cin abinci. Ta gane nan take, washegari ta yi kwaɗon zogale ta matsa lemon tsami.

6/ Ma'aikatan lafiya na Kano da Maraɗi, ku me kuke ce wa iyaye mata?