Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum. Jiya muna gardama da wani abokina kan ko al'umma za ta zauna lafiya ba tare da addini ba, sai ya ce ai masu iya magana sun gama zancen: gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wai tunda an ce "ya ishi", ganin ɓarawo a hannun hukuma ya wadatar, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Na rasa amsar da zan ba shi, kuma abin ya tsaya mini a rai. Manya, ku warware mana.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya riƙe farkon maganar ya saki ƙarshenta. Ba a ce tsoron sarki ba, ba a ce tsoron kurkuku ba. Ana faɗinta ne idan aka ga azzalumin da ba mai iya ɗaga masa yatsa ya faɗi warwas, ko mai taƙama da lafiya ya wayi gari sai an kwantar an tayar. Abin da abokinka yake nufi yana da nasa karin maganar: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan dabarar tsira ce kawai, shi ya sa ba a ambaci Allah a cikinta ba.

Ɗalibar Tarihi: Baba, na yarda da fassararka, amma tambayar abokin nasa tana nan. A 2019 mujallar Science ta buga wani gwaji: an miƙa jakunkunan kuɗi sama da 17,000 a ƙasashe 40 da sunan tsintuwa, don a ga wa zai nemi mai su. Suwizalan, Norway, Holan, Denmark da Suwidin ne suka fi mayarwa, kuma mafi yawansu ƙasashe ne da zuwa coci ya yi ƙaranci. Ibn Khaldun ma, a littafinsa Muƙaddima na 1377, ya ce zaman jama'a yana yiwuwa ba tare da annabci ba, ya kafa hujja da majusawa da suka yi dauloli alhali ba su da saukakken littafi. Malamin Musulunci ne, alƙali kuma.

Ma'aji: Ku ba ni dama in faɗi abin da idona ya gani. Na yi shekaru ina riƙe da makullin ɗakin ajiya a wata ma'aikata. Wata rana aka sauke kaya, na ƙirga kwali 60, takarda ta ce 50. Na sake ƙirgawa ni kaɗai bayan an tashi, hannuna duk ƙura, goma ɗin nan suna jingine a bango ba sunan kowa a kansu. Wanda na gada a kujerar ya sha kwashe irin wannan rarar, kowa ya sani, kuma ƙarin girma ya samu. To ni me gani ga wane ya koya mini? Ya koya mini cewa in na ɗauka ba abin da zai faru. Na daɗe a tsaye, wallahi zuciyata ta raya mini. Abin da ya sa na rubuta 60 shi ne na san akwai wata takardar da ba ni nake cike ta ba. Karin maganar tana aiki ne a ranar da aka ga wane ya faɗi. Ranar da wane ya ci ya yi ƙiba fa?

Tsohon Malami: Allah ya saka maka da alheri, nan ne zancen yake. 'Yata, Denmark ɗin da kika ambata har yau tana da cocin ƙasa, kuma mafi yawan 'yan ƙasar mambobinsa ne. Tarbiyyar ɗaruruwan shekaru ba ta gushewa a dare ɗaya. Ki duba inda aka tuge addini da ƙarfi. A 1967 shugaban Albaniya, Enver Hoxha, ya rufe masallatai da coci-coci a ƙasar, sai a 1990 aka ɗage haramcin, mutane suka koma ibadarsu. A Tarayyar Sobiyet an rushe babban cocin Mosko a 1931, amma a ƙidayar 1937 fiye da rabin manyan da suka amsa tambaya kan addini sun ce su masu imani ne. Ibn Khaldun ɗin ma ya ce kiran addini yana ƙara wa daula ƙarfi saboda yana haɗa zukata.

Ɗalibar Tarihi: Wannan ya nuna mutane ba sa sakin addini, Baba, bai nuna shi kaɗai ke gyara hali ba. Ruwanda a 1994, lokacin kisan kiyashi, kusan kowa mai addini ne, kuma a cikin coci aka kashe dubban da suka je neman mafaka, kamar a Ntarama. Ni mai sallah ce, ba don in rage darajar addini nake faɗa ba. Ina jin zafi ne in ga mai ibada yana cin amana, sannan a ce mini yawan wuraren ibada alamar lafiyar al'umma ce.

Tsohon Malami: Ban musa ba. Shi ya sa maganar ta ce tsoron Allah, ba ta ce addini ba. Kuma malamai sun daɗe suna cewa mulki yakan ɗore da kafirci, ba ya ɗorewa da zalunci. Hukuma adila wajibi ce. Amma ba ta da idon da zai shiga ɗakin ajiya bayan an tashi.

Mai Neman Sani: Na gode ƙwarai. Yaya Ma'aji, da ka rubuta 60, me aka ce maka?

Ma'aji: Ba wanda ya ce komai. Mai kawo kayan ya dawo bayan kwana uku, ya sa hannu, ya kwashe gomansa.